In Gidan Ya Tafi, a Bar Mana Zauren

Cikin ranin da ya wuce na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Katsina. A hanyata ta komawa tasha sai na ga tifa tana juye yashi a ƙofar tsohon gidan dagacin garin, ga bulo an jibge a gefe. Gidan kansa ya daɗe da tafiya. Inda turaka take da ɗakunan mata yanzu fili ne fetal, awaki na kiwo a ciki, sai tudun jar ƙasa nan da can da ke nuna inda bango ya taɓa tsayawa. Abin da ya rage a tsaye shi ne zaure guda ɗaya da guntun katangar da ta dafa shi ta gabas.

Na yi sallama na shiga. A waje ana zafin da ba a iya tsayuwa, ciki kuwa da sanyinsa. Kaurin bangon a gindi ya kai kamu biyu. Bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiyar rufi, an kafa tasa a mahaɗarsu, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin fitila. Azarar da ke tsakaninsu an jera ta kamar saƙar tabarma, ba wadda gara ta taɓa. Ga alkuki a bango inda ake ajiye aci-balbal, ga dakali ya yi sulɓi saboda zama. Ta kusurwar arewa ne kawai indararo ya karye, ruwa ya bi bango ya zaizaye shi, tsaga ta buɗe har hannu na shiga.

Wani dattijo na zaune a dakalin yana jan carbi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wannan kayan aiki fa?" Ya ce, "Ɗana, shaguna za a yi. Jikoki sun raba gado, wanda zauren ya faɗo a kasonsa yana birni, ya aiko a rushe." Na ce, "Ba wanda ya yi magana?" Ya ce, "Wa zai yi? Ai nasa ne."

Wannan amsar ce ta hana ni sukuni. Ra'ayina a kai shi ne: ba za mu iya ceto tsofaffin gidajen ƙauyukanmu gaba ɗaya ba, yawancinsu ma sun riga sun zube. Amma ɗan abin da ya tsira, zaure ne ko soro ko tsohuwar ƙofa ko rijiyar gidan, bai kamata a bar hukuncinsa a hannun mutum ɗaya ba. Ya kamata dangi da mutanen gari su cire shi daga abin da ake sayarwa ko rushewa, su ba shi aikin yi, su riƙa yaɓe shi kafin kowace damina. Kuma kada su zauna jiran gwamnati.

Ba ruwan sama ne ke cinye su ba

In ka tambayi mutum me ya rushe gidan kakansa, zai ce maka damina. Gaskiya ne ruwa ne ke kayar da bango, amma ruwan nan ana yin sa tun kafin a haifi kakan, gidan kuma ya tsaya shekara ɗari ko fiye. Abin da ya canza shi ne babu mai yaɓe.

A da, da an gama girbi an huta, magidanci zai sa a haƙo ƙasa a kududdufi, a cuɗa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a hau rufi a toshe duk inda ya tsage, a gyara indararo. Mai hali ya sa a shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko a yi wa rufi laso da katsin marina da gashin majema da dafara. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Gidan gandu ne, akwai ƙanne da 'ya'ya da barori, kowa ya san ranar yaɓe.

Yau gandu ya watse. Mai gida ya rasu, an raba gado, an ja katangar bulo ta ratsa tsakar gida. Wanda ya yi karatu yana Kaduna ko Abuja, wanda bai yi ba yana ci-rani a Legas ko ya tsallaka Agadas. Tsohuwa ɗaya ce ta rage a ɗaki ɗaya, ita ma in ta rasu sai a ja ƙyaure a sa kwaɗo. Ɗakin ƙasa kuwa in aka rufe shi ba mai shiga, ba mai ganin ɗigon farko. Damina uku ta ishe shi.

Saboda haka duk wanda ya ce mini ginin ƙasa ba ya ƙarko, sai in tambaye shi yaushe rabon da a hau rufinsa.

"Ai ginin ƙasa kashe mutane yake yi"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba na wasa da ita. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda aka gina tun shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, ya rufta kan masallata ana cikin salla, mutane suka rasu. A watan Satumban 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Kowace damina kuma muna jin labarin ɗaki ya faɗa wa iyali cikin dare a Jigawa ko Kano ko Yobe. Wanda ya binne ɗansa saboda bango ya danne shi ba zai saurari zancen tarihi ba, kuma yana da gaskiya.

Shi ya sa ban ce kowa ya kwana a ɗakin da ya tsage ba. Ginin da ya lalace har ya zama haɗari, in ba za a gyara ba, a sauke shi. Rai ya fi bango. Amma tsakanin "ya tsage" da "a rushe" akwai wani mataki da muka daina takawa, wato a kira magini ya duba. Zauren da na gani indararo ɗaya ne matsalarsa. Kuɗin tifar yashin da aka juye a ƙofarsa ya isa a gyara shi har a yi canji.

Akwai kuma wata ɓarna da ake yi da kyakkyawar niyya, ita ce shafe bangon ƙasa da siminti. Ɗan gida ya samu kuɗi, yana son ya kyautata wa gidan ubansa, sai ya sa a yi masa filasta a shafa fenti. Shekarar farko abin sha'awa. Amma ƙasa da siminti ba sa riƙe juna. Siminti na tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita saboda an toshe wa bangon numfashi. Daga waje kana ganin bango lafiya lau, ciki kuwa ya jiƙe ya zama taɓo. Rana ɗaya sai ɓawon ya ɓalle, ya taho da rabin bangon. Bangon da aka yaɓe da ƙasa yana nuna ciwonsa a fili, mai gida ya gani ya gyara. Wanda aka lulluɓe da siminti ba ya gargaɗi.

Haka ma wanda zai cike titi ko ya ɗaga harabar shagonsa da kankare har ruwan unguwa ya koma yana kwanciya a gindin tsohon gini. Ba a jima bangon ya ci daga ƙasa.

"Ana fama da yunwa kana zancen kango"

Na san farashin buhun masara, na san kuma akwai ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tashe su gaba ɗaya, mutanensu na kwana a makarantu da tashoshi. Ba zan je wa wanda ya gudo da tabarma ɗaya da maganar zaure ba.

Sai dai ba mayunwaci ne ke rushe zaure ba. Talaka ba shi da kuɗin bulo. Wanda ke aiko da tifa mai hali ne, kuma da shi nake magana. Yaɓen shekara ƙasa ce da ruwa da ciyawa da ƙarfin samari, abin da gari ke iya yi da gayya in an dafa musu abinci.

Haƙƙin magada

"Ai nasa ne." Haka ne, kuma gado hukuncin Allah ne, ba mai taɓa shi. Ba na goyon bayan a ƙwace wa kowa kasonsa da sunan tarihi, musamman mata da marayu waɗanda dama su ake fara dannewa in an zo rabo.

Amma addinin da ya tsara gado shi ne kuma ya buɗe ƙofar waƙafi. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka nuna masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfaninsa, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Mun san wannan a masallaci da rijiya da maƙabarta. Me zai hana magada su yarda a tsakaninsu, tun kafin a ja igiya a auna fili, cewa zauren nan an cire shi, ya zama waƙafi don karatun yara ko zaman sulhu ko saukar baƙo? In kason wani ya ragu saboda haka, masu hali a cikin dangi su biya shi kuɗinsa, a rubuta, alƙali ko limami da dagaci su sa hannu. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi ko hubusi, ana iya kai takardar can a ajiye.

Zaure dama can bai taɓa zama ɗakin mutum ɗaya ba, ko da a gidan mutum ɗaya yake. A nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, a nan ake zaman makoki, a nan almajirai ke kwana, a nan baƙon da dare ya yi masa ke sauka ba tare da an tambaye shi ko ɗan wane ne ba. A zauren dagaci kuwa aka sasanta rikicin iyakar gona, aka raba burtali tsakanin manomi da makiyayi. Mutanen gari suna da wani haƙƙi a wurin, ko da ba a rubuce yake ba. Mai shago zai iya gina shagonsa taku ashirin daga nan, filin gidan ai ga shi nan a buɗe.

"Gidan azzalumai ne, me za mu tuna?"

Wani abokina ɗan boko, jikan talakawa kamar yadda yake kiran kansa, ya ce mini shi ko a jikinsa in duk gidajen sarauta na ƙauye sun zube. Ya ce a irin waɗannan zaurukan aka ɗaure kakanninsu a rana saboda haraji, a nan aka ƙirga shanun Fulani don jangali, kuma bayi da talakawan da aka tilasta su ne suka ɗauko ƙasar da aka gina su. Ya ce jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ba don wasa ta yi faɗa da wannan tsari ba.

Ban musa masa ko ɗaya ba, don haka abin yake a wurare da yawa. Amma a ganina wannan dalili ne na a bar ginin, ba na a rushe shi ba. In zauren ya tafi, wa zai nuna wa yaro inda aka yi abin? Zuri'ar masu sarauta suna da masu yi musu kirari, suna da jerin sunayen kakanninsu a haddace, tarihinsu ba zai ɓata don bango ya faɗi ba. Wanda ba shi da komai sai bangon shi ne wanda ya gina shi. Bawan da ya cuɗa ƙasar da ƙafarsa, da maginin da ya mulmula tubali ɗaya bayan ɗaya ya shanya a rana, da wanda ya faskara giginya ya fitar da azara, da matan da suka yi daɓe suna waƙa, ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Aikin hannunsu kaɗai ya rage. In ka duba tsohon yaɓe da kyau za ka ga sawun yatsu a jiki. Rushe wannan ba ramuwa ba ce a kan azzalumi, share wanda aka zalunta ne karo na biyu.

Kuma ba gidan sarauta kaɗai nake nufi ba. Akwai zauren malamin da ya karantar da rabin gari, akwai gidan fatoman da ayarin fatake ke sauka, akwai gidan sarkin maƙera da maƙerarsa, akwai soron attajirin da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Waɗannan ma sun fi saurin ɓacewa, don ba mai rawani a bayansu.

Wasu kuma na tsoron kada girmama tsohon gini ya kai ga shirka. In an ga ana shafar bango don neman tabarruki, a hana, malamai su yi wa'azi. Amma gyara ɗaki don yara su yi karatu a ciki ba bauta ba ce, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Me za a duba in an share komai?

Gwamnati fa?

Nijeriya na da hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma akwai gine-ginen da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa tun kafin samun 'yancin kai. Ɗaya daga cikinsu a karkara yake: gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Zariya, ya gina a wajajen 1860, aka sa shi a jerin a 1956. Akwai kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, da ganuwarsa ta dutse. A birni kuma ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga hasumiyar Gobarau a Katsina.

Waɗannan su ne fitattu, su ma ɗin kowa ya ga yadda ganuwar Kano ke ƙarewa a idon hukuma, ana cin ta da gini ana ɗibar ƙasarta. Hukumar da ba ta iya tsare ganuwar da ke tsakiyar birni ba, ba za ta zo ƙauyenku ta gyara indararo ba. Ƙauyuka dubbai ne. Ko Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kufai ne a yau, balle zauren wani dagaci da ba a san sunansa a hedikwatar ƙaramar hukuma ba.

In ana neman abin koyi, a leƙa Jamhuriyar Nijar. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa, mutanen gari ne da kansu suka tashi gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ƙarƙashin magininsu Falke Barmu, kowa ya kawo abin da zai iya, mai ɗebo ruwa da mai kawo itace. Suka ci gaba da gyara shi suna ƙawata shi, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, duk a jihar Tawa, da tsohon masallacinsu na ƙasa ya tsufa ya yi musu kaɗan, ba a rushe shi ba. An gina sabo a gefensa, tsohon aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aikin da Mariam Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, ta yi da abokiyar aikinta, aka kammala a 2018. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne tsohon ginin ya samu sabon aiki. Ginin da ake shiga kullum ana share shi, ana ganin ɗigonsa. Wanda aka kafa wa allo aka ce kayan tarihi ne aka kulle, jemagu ne ke gadonsa.

Ƙauyukan nan biyu ba su fi namu arziki ba.

Maginan ma suna ƙarewa

Akwai abin da ya fi bangon saurin tafiya. Azara ba ta iya ɗaukar rufi in faɗin ɗaki ya wuce kusan mita biyu, sai an san yadda za a ɗora wata kan wata daga bango, a ɗaure, a lanƙwasa har baka ya haɗu da baka a sama. Wannan ilimi ba a takarda yake ba, a hannu yake, ɗa na koya a wurin uba yana miƙa masa tubali. Sarautar Sarkin Magina na nan a garuruwa da yawa, amma ka tambaya ka ji mutum nawa ne a ƙarƙashinsa za su iya irin wannan ɗaurin rufi, wato ɗaurin guga, yau. 'Ya'yansu sun koma bulo da kwano, kuma ba laifinsu ba ne, can ne ake biya.

A gidan tarihi na Jos an gina kwafin wasu gine-ginen gargajiya, har da na masallacin Zariya, don a adana fasalinsu. Abu ne mai kyau. Amma magini ba ya rayuwa da kwafi ɗaya a Jos. Yana rayuwa ne in kowace shekara akwai zaure a ƙauye kaza da soro a ƙauye kaza da za a kira shi ya gyara, a biya shi, ya zo da yaronsa. Giginyar ma da ake fitar da azara ana sare ta ba a dasawa, don haka duk azarar da aka ciro daga rusasshen ɗaki bai kamata ta tafi murhu ba. A ajiye ta, da ita za a gyara na gaba.

Kusan kowane gari yanzu yana da ƙungiyar ci-gaba, ana taro bayan Salla, 'yan birni sun dawo da manyan motoci, ana tara kuɗin gyaran transifoma da rijiyar burtsatse. A irin wannan taro nake so wani ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, zauren gidan Malam fa, wa zai yaɓe shi bana?" A naɗa mutum biyu su zagaya gari da magini su ƙirga abin da ya rage, su ware wanda zai gyaru da wanda ya wuce gyara. A zauna da magada tun ba a kawo yashi ba.

Inda kuma magada suka ƙi, ko ginin ya riga ya gama lalacewa, aƙalla kada a sa gatari sai an ɗauki hotonsa ciki da waje, an auna tsawo da faɗi, an buɗe tsofaffin akwatuna da gafaka. A irin waɗannan ɗakuna ake samun wasiƙun ajami da takardun haraji da littattafan da aka kwafa da hannu, kuma Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yana adana irinsu. Sannan a nemi tsohuwar da aka kawo gidan tana amarya, a kunna waya, a ce, "Iya, nan ɗakin wa ne?" Ita ce za ta bi filin nan da awaki ke kiwo ta nuna inda rumbu yake, da inda barga take, da ɗakin da aka haifi wanda ya aiko a rushe. Wannan aikin ba ya jiran kuɗi, kuma ya kamata a yi shi cikin ranin nan, tun tana iya tafiya.